Tsohuwa Tana Wurina

Litinin, da hantsi

Tun rasuwar Baba, yau ce Litinin ta farko da rana ta fito ta same ni a gida. Na farka da asuba kamar kullum, na ɗaura ɗankwali, har na ɗauki makullin mota kafin na tuna ba inda za ni. Baban yara ya ce in koma in kwanta. Na ce idan shi aka kora daga gidan ubansa sai ya kwanta in gani.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Juma'a ba. Abin da zan ce kawai, Kawu ya tara mu a ofis, Inna tana zaune tana kallon ƙasa, aka ce daga yau Auta ne shugaban gidan burodi. Auta. Yaron da na goya har bayana ya gaji, wanda na share wa majina da bakin zanina. Wai ya karanci kasuwanci, wai zamani ya canja, wai ni na gaji. Wa ya ce musu na gaji?

Wannan duk mai sauƙi ne. Maganar da ya faɗa a tsakiyar ma'aikata, da dariyar da aka yi, ita ce ba zan rubuta ba.

Zai zo. Da ƙafarsa zai zo.

Talata, bayan azahar

Auta ya kira, ban ɗauka ba. Kawu ya kira, na ɗauka saboda furfurarsa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yara, ya maigida, sannan ya ce wai an nemi Tsohuwa an rasa.

Tsohuwa dai curin ƙullu ce. Kullum in an gama kwaɓi sai a gutsuri wani a ajiye a shuɗin bokiti, a ba shi fulawa da ruwa, gobe a zuba a sabon kwaɓi, a sake gutsura. Ita ke tayar da burodinmu, ba yis na leda ba, kuma ita ke ba shi ɗan tsamin nan da mutane ke tsallake unguwanni su zo nema. Baba ne ya fara ta kafin a haife ni. Bai taɓa bari ta mutu ba, ni ma ban bari ba. Shi ya raɗa mata sunan, yana cewa ta fi Inna rigima, don ita safe da yamma sai an ciyar da ita.

Na ce wa Kawu ai da kunnena na ji an ce zamanin bokiti ya wuce, da shi da masu gadinsa. Abin da zamaninsa ya wuce, me za a yi da nemansa? Ya ce Allah ya kyauta.

To ga shi na rubuta maganar da na ce ba zan rubuta ba.

Ban saci komai ba. Abin ubana ne.

Laraba, da yamma

Na sayo fulawa. Baban yara ya tambaye ni me ke tsami a sito, na ce ya bar min sitona.

Alhamis, wajen la'asar

Dogo ya zo gaishe ni, ya zauna a bakin tabarma yana murza hula. Shi ne babban mai kwaɓi, tun yana saurayi yake hannun Baba. Ranar Juma'a bai yi dariya ba, na duba fuskar kowa, na san waɗanda suka yi. Ban tambaye shi komai ba, da kansa ya kwance min labari. An kawo tanderun gas mai ƙofar gilashi da fitila a ciki. An kawo injin yanka burodi. An buga sabuwar leda mai ruwan zinariya, har ya zaro ɗaya daga aljihu ya nuna min. Ta yi kyau, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Sunan Baba yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sai an kanne ido ake ganinsa.

Babban labarin shi ne Auta ya samu kwangilar babban kantin nan mai rassa a duk gari. Don haka ya daina ƙananan burodi. Masu shayi da masu keke da suka zo da asuba, an ce musu ko su ɗauki babba mai yanka ko su nemi wani wuri. Mutanen da suka ɗauki gawar Baba a kafaɗarsu aka faɗa wa haka ta taga.

Bayan tafiyar Dogo na shiga sito na ciyar da ita. Ta taso har bakin murfi tana ƙananan kumfa, lafiyarta ƙalau.

Asabar, da safe

Zai zo.

Lahadi, bayan magariba

Na je wurin Inna. Na tarar da burodin Auta a kan tire, an gutsuri gefe an bar shi. Ta ce bakinta ne ba daɗi kwana biyun nan. Na ce bakinki lafiya lau, Inna, soso aka kawo miki a ledar zinariya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun da ta auri Baba ba ta taɓa karyawa da wani burodi ba, yanzu da tsufanta 'ya'yanta sun sa tana shan shayi zalla. Ta ce in ji tsoron Allah, ƙanina ne. Na ce ranar Juma'a ma ƙanina ne, kuma kina zaune.

Ta juya min baya. Na ɗauki jakata.

Talata, da yamma

Na zaga masu shayi da ƙafata, tun daga tasha har bayan asibiti. Da can su ke zuwa wurina, ban taɓa zama a bencinsu ba. Yau na zauna. Mai Gemu, wanda teburinsa ke ƙofar tasha, ya ce min kasuwarsu ta gaske ai da yamma take, amma burodin asuba kafin magariba ya huce ya yi tauri, sun daɗe suna ƙorafin haka a tsakaninsu. Na ce me ya hana ku faɗa min?

Ya ce, "Uwar ɗakina, ke ana faɗa miki magana?"

Mutanen da ke benci suka sunkuyar da kai suna murmushi. Da a ofis ne da ya gane kurensa. Na shanye shayina na tashi.

A hanya tunani ɗaya ya riƙe ni. Duk gidajen burodin garin nan da asuba suke gashi, daga hantsi tanderunsu zaman banza yake yi.

Alhamis, da hantsi

Na samu tanderu. Wani dattijo mai ƙaramin gidan burodi a bayan kasuwar katako ya yarda in riƙa shiga da azahar in fita kafin magariba. Kallon mahaukaciya yake min, ya ce wa ke gasa burodi da rana tsaka. Wurin duk toka, gwangwanayen sun lanƙwashe, injin kwaɓin yana tari kamar mai tsohuwar mura. Ya ishe ni.

Baban yara ya tambaye ni don in ci abinci nake wannan wahalar ko don in hana wani ci. Na ce duka biyun, amma na biyun ya fi min daɗi.

Litinin, bayan magariba

Mun fara. Ni da 'yan mata biyu na maƙwabta da mai babur ɗaya. Kafin a kira magariba ba ko ɓarɓashi. Mai Gemu ya ce mutane har layi suka yi da suka ji ƙamshin burodi mai zafi da yamma, wani ya sayi nasa ya tsaya yana ci ba shayi.

Na ce kowa ya riƙa turo min saƙon murya da safe ya faɗi yawan da yake so, don kada in gasa abin da zai kwana. Na san Auta ne ya fara kawo wannan shawarar bara, na kuma san amsar da na ba shi. Ba tunaninsa ba ne shi kaɗai, duk mai waya zai iya.

Na aika wa Inna guda biyu da zafinsu. Mai babur ya dawo da su. Wai ta ce ba ta cin burodin gaba, wanda aka gasa a gidan mijinta take jira.

Laraba, wajen la'asar

Dogo ya shigo da rigar aikinsa a leda, ya wanke hannu, ya tsaya bakin inji. Na nuna masa fulawa, ya fara kwaɓi.

Juma'a, da yamma

Wasu uku sun biyo Dogo. Ɗaya daga cikinsu har da riƙe ciki ya yi ranar dariyar nan. Na ɗauke shi, na ba shi kankare gwangwani. Zai daɗe yana kankarewa.

Sun ce a can abubuwa sun dagule. Sabon tanderun yana ƙona sama ya bar ciki ɗanye, wanda ya zo ya kafa shi ya tafi, ba wanda ya iya lallaɓa shi. Ma'aikata suna raɗa cewa tun ranar da bokiti ya ɓace albarka ta bar gidan. Auta ya tara su ya ce camfi ne, burodi fulawa ne da ruwa da zafi. Ya ce duk wanda ya sake ambaton Tsohuwa ya nemi ƙofa. Da ya juya baya suka ci gaba da ambatonta.

Na ci abinci yau har na ƙara.

Asabar, da safe

Bai zo ba. Zai zo.

Talata, bayan magariba

Saƙonni sun fi ƙarfina. Wayata tun asuba take ƙara, har masu shayin hayin gada da ban taɓa sani ba. Matsalar ita ce Tsohuwa ba ta san sauri ba. Sai ta ga dama take tasowa, kuma tanderun nan na aro ne, ina da awannina. Yau rabin kwaɓin ya ƙi tashi a kan lokaci, na tsaya ina kallonsa, rana tana tafiya, masu babur suna jira a waje.

Na aiki yarinya kanti ta sayo yis na leda. Na yau ne kawai.

Dogo ya ga ledar a hannuna, ya kau da kai, ya ci gaba da auna gishiri.

Laraba, da hantsi

Na jira ƙorafi. Saƙo ɗaya ne ya shigo a kan ɗanɗano, na Mai Gemu, yana cewa na jiya ya fi na kullum laushi, hannun Baba bai mutu ba. Na saurare shi sau biyu na goge.

Juma'a, wajen la'asar

Na kama tanderu na biyu a wata unguwar, na ɗora Dogo a kai. Na ƙara masu babur. Na ƙanƙanta burodin daidai kofi ɗaya, an tsaga cikinsa tun daga nan don mai shayi ya zuba abin da zai zuba ba sai ya nemi wuƙa ba. Shawarar ɗaya daga cikin 'yan matan ce, kuma na saurare ta har ta gama magana. Ta yi mamaki, ni ma na yi.

Yis ɗin nan kwali guda na saya, ya fi sauƙi a haka.

Baban yara ya ce rabon da ya ga ina dariya irin haka tun muna amare, amma dariyar ba ta masa daɗin ji. Na ce ya toshe kunne.

Lahadi, da yamma

Kawu ya zo da kansa. Ya ce babban kanti ya dawo da burodin Auta mota guda, sun ba shi dama ta ƙarshe, in bai gyara ba za su ba wani gurbinsa. Ya ce in aka rasa kantin ba sauran kowa, tunda masu shayi duk suna hannuna, ƙofar gidan Baba rufewa za ta yi. Ya ce yaron ya rame, ba ya barci, ranar nan an gan shi a tsohon ɗakin kwaɓi yana haɗa fulawa da ruwa a roba yana jira ta yi tsami. Wanda ya ce camfi ne.

Ya ce in yi wa Allah in mayar da abin da ke wurina. Na ce, Kawu, a gaban ma'aikata aka zubar min da mutunci, a gabansu za a kwashe shi a ba ni. Ba aike, ba waya.

Ya ce zuciyata irin ta Baba ce. Ba yabo yake nufi ba, amma na karɓa.

Litinin, da hantsi

Manajar babban kanti ta kira ni. Murya mai sanyi, kamar ta san ni tun da. Ta ji labarin burodin yamma, tana so ya riƙa shiga rassansu da zafinsa lokacin da ma'aikata ke tashi daga aiki. Ta ce gurbi ɗaya ne gare su na burodi, kuma mai shi yanzu yana tangal-tangal. Ta ce ta san ɗan'uwana ne, in abin zai yi min nauyi ta fahimta. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen mako.

Ba nauyi na ji ba.

Laraba, bayan la'asar

Na shiga sito neman buhu. Warin ne ya fara tarbata.

Ban san yaushe rabona da buɗe murfin ba. Ina ta cewa anjima, in na dawo, gobe da safe. Baƙin ruwa ya kwanta a sama, gefen duk ya yi fumfuna, har da ja-ja. Na kwashe saman, na tono tsakiya, na sa a kwano mai tsabta, na ba ta fulawa da ruwan ɗumi, na lulluɓe ta da tawul kamar yadda Baba ke yi lokacin sanyi.

Alhamis, da safe

Ba kumfa ko ɗaya.

Alhamis, da yamma

Na sake gwadawa. Ba komai. Na haƙa rami a bayan gida na zuba, don ban iya zuba ta a kwata ba. Na wanke bokitin na kife. Baban yara ya ga idona ya tambaya, na ce hayaƙin tanderu ne.

Laifinsa ne. Da bai kore ni ba da tana can inda take, ana ciyar da ita safe da yamma. Laifinsa ne.

Juma'a, da hantsi

Kawu ya turo saƙo. Gobe Auta zai zo.

Asabar, bayan magariba

Ya zo.

Ana tsakiyar fitar da gashin farko ya shigo, shi kaɗai, ba mota. Rigar ta yi masa yawa. Ma'aikata suka tsaya cak, na ce kowa ya tsaya inda yake, har na sa aka kira masu babur daga waje. Ya dubi Dogo da ya leƙo daga ɗaya tanderun, ya dubi mai kankare gwangwani, ya dubi tokar da ke ƙasa, sannan ya durƙusa a cikinta da farin wandonsa.

Ya ce, "Yaya, na yi kuskure. Abin da na faɗa ranar nan, ban kyauta ba. Ki yafe min. Ki taimaka min da Tsohuwa ko kaɗan ce, kada gidan Baba ya mutu a hannuna."

Makonnin nan duk wannan nake jira. Na sha tsara yadda zan tsaya da abin da zan ce. Na bar shi a durƙushe har ya maimaita. Ba wanda ya yi dariya. Na so a yi.

Bokitin yana mota tun safe, ni na sa shi da hannuna. Na ɗauko, na shiga ɗakin kwaɓi, na tura ƙofa. Kwaɓin gashi na biyu yana cikin inji ya taso fam, irin tashin da yis na leda ke yi. Na gutsuri curi babba na sa a bokitin na rufe. Da na juyo Dogo yana bakin ƙofa. Muka dubi juna. Ya matsa ya ba ni hanya.

Auta ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga murfin kaɗan ya sansana, idonsa ya ciko.

Ya ce, "Ƙamshin Baba."

Ya ce wallahi ba zai sake bari ta yi yunwa ba, shi da kansa zai riƙa ciyar da ita. Ya ce in na ga dama in dawo ofis, kujerar tawa ce. Na ce ina da wurina. Ya fita yana rungume da bokitin a ƙirji, yana taka ƙasa a hankali kada ya girgiza ta.

Na ce wa mutane me suke kallo, burodi yana ƙonewa.

Lahadi, da yamma

Inna ta kira. Rabon da ta kira ni da kanta tun kafin Juma'ar nan. Ta ce Auta ya kawo mata na farko da ya fito, ta ci rabi a zaune ɗaya, bakinta ya gane hannun mijinta tun a lomar farko. Tana magana tana kuka. Ta ce ta san 'yarta, ta san zuciyata ba za ta bari gidan ubana ya rufe ba. Ta yi ta sa min albarka, ni da 'ya'yana da kasuwata, ta ce yadda na rufa wa ƙanina asiri Allah ya rufa min nawa.

Na ce amin a duk inda ake cewa amin.

Manajar kanti tana jirana gobe da hantsi. Na goge kayan da zan sa.